Kujerar da Kowa Ya Ƙi Zama

Abin da na fara gani bayan Kawu ya dawo ƙauyenmu, can gaba da Gezawa, kujerun roba ne guda biyu a gindin darbejiya. Yana kan ɗaya, ɗayar tana fuskantarsa ba kowa. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, sai na raya a zuciyata wata ce ta yi masa alkawari tun yana saurayi, yake jiran ta.

Da na kai masa kunu na tambaye shi, ya yi dariya.

"Ke dai da shirme. Ta marar lafiya ce."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana duba masu taɓin hankali a asibitin birni, har aka ce ya yi ritaya. Wasu abokan aikinsa da aka sallame su tare murna suka yi. Shi kuwa cewa yake, "Likitan fiɗa ne ke bari in hannunsa ya fara rawa. Ni da kunne nake aiki, kuma yanzu ma ya nuna."

So ya yi ya saurari mutanen garinsu kyauta. Da farko ana zuwa a sha hira. Sai dai bai iya gaisuwa irin ta kowa ba. Daga "ina gajiya" sai "Kana samun barci kuwa?"

Wani manomi maƙwabcinmu da aka sa wa ranar aure ya zauna wurinsa tun la'asar har magariba, a kan maganar taki kawai. Dangin yarinyar da zai aura suka ji a wajen bincike. Bayan kwana uku aka dawo da kayan sa rana. Kawu ya sa babbar riga ya je da kansa, ya rantse musu mutumin lafiyarsa ƙalau.

"To, Likita, in lafiya ce me ya kawo ka?" in ji baffan yarinyar.

Daga nan mutane suka daina tsayawa wurinsa, sai ɗaga hannu daga kan babur. Masu ciwon kuma ta bayan gonarsa ake zagayawa da su zuwa wajen mai ruƙiyya. Ya rubuta wa asibitin takarda, a bar shi ya riƙa zuwa ko da rana ɗaya a mako. Amsa ba ta zo ba.

Bayan shekaru ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a Bacirawa, can birni. Da na je dubiya ya riƙe hannuna, ya daɗe yana kallona, bakinsa na motsi. 'Yarsa ta ce haka yake yi wa kowa, ba mai gane abin da yake faɗa. Ya rasu ana tsakiyar damina.