Turken Akuyar Zuwaira

A Ƙofar Kwaya in ka ce Zuwaira mai zoɓo, ko ɗan acaɓan da ya shigo gari jiya zai kai ka ƙofar gidanta. Shekara goma sha tara tana wannan sana'a, tun mijinta Malam Aminu na da rai, kuma da ita ta aurar da 'ya'ya uku. Mace ce mai tsafta, mai son a yaba zoɓonta, amma ba ta iya faɗa ba. In ka ɓata mata rai ba za ta ce maka uffan ba, sai dai ka ga gaisuwa ta gajarce.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Haulat, matar Bala tela. Kowace Juma'a kwano biyu ke tsallake katangar nan, na Zuwaira ya tafi da dambu, na Haulat ya zo da abin da Allah ya hore. Ba wanda ya tuna ranar da aka fara.

A daminar bara mitar Zuwaira ta fara cin wuta ba ji ba gani. Katin da ke kai ta wata guda sai ya ƙare a kwana goma sha biyu. Ta daina guga, ta haƙura da fanka, duk a banza. Wata rana da hantsi ta kashe komai har firizar zoɓon, ta je zaure ta tsaya gaban mita. Ga ɗan jan idon nan yana ta ƙiftawa abinsa. Daidai lokacin keken ɗinkin Bala na lantarki ya ɗauki ƙara a bayan katanga.

Shi ke nan, zuciya ta yanke hukunci: Bala na jan wutarta. Ta san zato zunubi ne, amma sanin bai hana ta ba. Juma'a ta zo ba ta yi dambu ba. Kwanon Haulat ya tsallako, ta juye, ta mayar da shi wankakke babu komai a ciki. Haka har Juma'a uku. Abin yana cin ranta ƙwarai, don tana son Haulat, wadda ta zauna da ita duk kwanakin takabarta.

Daga ƙarshe ta aika aka kira Malam Mamman mai gyaran wuta.

"Malam, ka duba mani jikin katangar can," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni dai ban ce komi ba hwa."

Ya duba katanga sama da ƙasa, babu ko zaren waya. Ya tambaye ta inda wuta ke bi zuwa ɗakin firiza da ke ƙuryar gida. Ta ce ta ƙasa, marigayi ne ya sa aka binne wayar a tsakar gida saboda yara. Mamman ya cire wannan layin daga zaure, idon mita ya tsaya cak. Sai ya bi tsakar gida yana kallon ƙasa, har ya iso wani turken ƙarfe.

"Hajiya, wanga turke hwa?"

"Na akuyata ne. Ni na kafa shi da taɓarya farkon damina. Amma 'yar banza ta ƙi shi, kwana biyu tana kuka tana fizga, sai na maida ta gindin iccen bedi."

"Ai akuyar ta riga ni gano aikin," in ji Mamman yana dariya.

Ya haƙa. Tsinin turken ya yage fatar wayar, ga ƙasa jiƙe da ruwan sama, wuta na tsiyaya dare da rana kamar ruwa a hudajjen tulu. "Mita ba ta san ko firiza ta sha ko ƙasa ba," ya ce. "Duk abin da ya wuce ta, ke za ki biya. Ki gode Allah ba ki dafa ƙarhen nan da jiƙaƙƙen hannu ba." Ya sa sabuwar waya cikin bututu ya binne. Zuwaira na tsaye, kunya ta hana ta ko duban katanga.

Ran Juma'a ta yi dambu da zogale da man gyaɗa, ta ɗauka da kanta ta shiga gidan Haulat ta ƙofa. Kafin ta buɗe baki Haulat ta tare ta da murna.

"Alhamdu lillahi, Yaya! Da na ga kwano na dawowa wayam, na kuma daina jin fankarki, sai na ce ma Bala ciniki ne ya tsaya maki. Shi ya sa nike ƙara hannu a tuwon."

Sai a lokacin Zuwaira ta tuna nauyin da kwanon ya riƙa yi. Da ta yi shiru da ba wanda zai sani, kuma shiru sana'arta ce. Amma ta zauna a tabarma ta faɗi komai, daga idon mita har keken Bala.

Haulat ta saurare ta har ƙarshe. Can ta jawo kwanon, ta buɗe, ta ɗebi dambu ta kai baki.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Sati ukku kawai har hannunki ya manta. Juma'a mai zuwa ki gyara."