Furnon da Ba Shi da Toka

Gidana a Zongo ɗaki shida ne, kuma tun rasuwar maigidana ni ke riƙe da shi. Dokokina huɗu ne, duk wanda zai zauna sai na faɗa masa su tun ranar farko. Ta ɗaya, ana rufe ƙofar gida bayan isha'i. Ta biyu, ba a shanya a igiyar wani. Ta uku, kowa da tukunyarsa, babu aron gishiri babu aron barkono, domin aro ne ke haɗa mata faɗa. Ta huɗu, kowa ya kwashe tokar furnonsa kafin hantsi. Furno shi ne murhun ƙarfen da muke girki da gawayi a kansa. Kowace safiya in na gama lazimi sai in zaga tsakar gida in duba su ɗaya bayan ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da shekara uku a lekol, wato makarantar boko, amma na san tsari.

Ɗakin kusurwa na ba wata ɗaliba. Mahaifinta falken shanu ne daga arewa, ya daɗe yana sauka gidanmu tun maigidana na da rai. Shi ya kawo ta da kansa don ta yi karatun aikin ofis na shekara uku a wata babbar makaranta a Agontinkon. Ya ce, "Hajiya, ga amana." Na ce na karɓa. Shekara biyun farko ban sami abin faɗa ba. Duk motar shanun da ta zo daga arewa sai ta sauke mata shinkafa, ko doya, ko man shanu a kwalba. Tana girkinta, tana kwashe tokarta, tana karanta mini takardar likita saboda ina da ciwon suga kuma Faransancina bai kai can ba.

A shekara ta uku aka tura ta koyon aiki, abin da suke kira istaj, a wani ofis a Ganhi. Da safe ofis, da yamma makaranta, ga babbar jarrabawar ƙarshe tana tafe. A wannan lokacin ne, bayan ƙaramar salla, furnonta ya fi na kowa tsabta. Ko ƙurar toka babu. Wata safiya har na ɗaga shi sama a gaban matan gidan na ce, "Ku dubi na 'yar lekol. Ku kuma naku kamar an kwana ana ƙona juji." Tana tsaye a bakin ƙofarta da jakarta a kafaɗa. Ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kunyar yabo ce.

In na tambaye ta ko ta karya, sai ta ce, "Ina ramuwa, Inna." Mace ba ta tambayar mace yawan ramuwar azuminta. Sai in ce Allah ya karɓa, in wuce.

Ni a tsammanina na san talauci, domin na tashi a cikinsa. A sanina yana da jeri. Takalmi ke fara tsinkewa, sai zane ya koɗe, sai sabulu ya yanke, daga nan mutum ya fara shiga gidajen mutane daidai lokacin kwasar tuwo. Ita kuwa takalminta a goge yake, rigarta ba ta da lanƙwasa, ba ta taɓa leƙa ɗakin kowa ba. Ban san cewa ofis ba ya karɓar mai tsumma amma yana karɓar mai yunwa ba, don haka ɗalibi yakan fara da cikinsa, ya bar tufa sai ƙarshe. Daga baya na gano a ƙarƙashin katifa take kwantar da rigar, tunda dutsen guga ma gawayi yake ci.

Mai gawayin layinmu ce ta buɗe mini ido. Tsohuwar ƙawata ce, mijinta yana aiki a kasuwar shanu, kuma ita kaɗai ke iya tsokanata. Tana auna mini gawayi ta ce, "Jandarmar Zongo, ɗiyarki ɗaliba ta koma girki da hasken rana ne?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan?"

"Tun bayan salla ko gwangwani ɗaya ba ta saya ba. Na ce ko kin kafa doka ta biyar, an hana cin abinci."

"Ramuwa take yi."

Ta ajiye gwangwanin ta dube ni. "Ramuwar watan gaba ɗaya? Hajiya, ke da kike ƙirga tsintsiyar gidanki?" Sai ta rage murya ta ce mijinta ya faɗa mata ciwo ya shiga garken uban yarinyar tun kafin azumi, abin da ya rage bai kai a loda mota ba, mutumin yana ƙauye ba ya son a gan shi.

Na dawo gida ban ko karɓi gawayin ba. Na zauna na ɗauki carbi na fara ja. Ramuwa bakwai, na ja bakwai. Sitta Shawwal, na ja shida. Litinin da Alhamis, na ja su. Sai kuma kwanakin da ta ce mini ramuwar bara ce, alhali bara a gabana ta rama. Da na ga inda yatsana ya tsaya a carbin, na gane wannan ba ramuwa ba ce. Saura kwana tara jarrabawa. Yarinya tana takawa da ƙafa daga Zongo zuwa Ganhi, daga Ganhi zuwa Agontinkon, ta dawo, a kan me? Da ta fita na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na sami garin rogo kaɗan a ƙullin leda da kofi ɗaya. Shi take jiƙawa da magariba bayan ta rufe ƙofa. Na tuna yadda na ɗaga furnonta sama, na mayar da ledar inda take na fito.

Na tsara abin da zan yi bi da bi. Na farko, in kai mata abinci da magariba a matsayin buɗe-baki, domin babu mai azumin da zai hana wani lada. Na zuba shinkafa da miya a kwano na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Na kwanta ina cewa an wuce wurin. Da safe ta dawo da kwanon a wanke, da sabulun wanka sabo fil a ciki. A wajenmu ba a mayar da kwano haka nan babu komai a ciki, kuma uwarta ta yi mata tarbiyya. Na san sabulun nan shi ne na ƙarshe a akwatinta. Wato in na sake aika kwano, gobe ɗankwalinta za ta sa a ciki. Kyautata ta zama mata nauyi.

Na biyu, na yi tunanin kiran uban. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. Me zan ce wa mutumin da ya ɓuya don kada a ga halin da yake ciki? In ya ji, cewa zai yi ta dawo gida, shekara uku ta tafi a banza.

Na uku shi ne kuskurena mafi girma, domin na yi abin da na saba. Na tare ta da yamma ta dawo, leɓɓanta sun bushe, na ce, "Zauna nan. Na ƙirga azuminki. Babu macen da ake bi wannan ramuwar. Yunwa kike ji kina ɓoyewa, kuma na san abin da ya sami babanki." A tsakar gida na faɗa, da muryar da nake faɗan toka da ita. Mata biyu suna wanke-wanke, na ga hannuwansu sun tsaya. Yarinyar ta ɗauki jakarta. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina jin motsin ƙofarta sai in miƙe, in ba ta dawo a kan lokaci ba sai in ga kamar ta faɗi a bakin titi 'yan zem, masu acaɓa, suna kewaye ta. A rana ta uku da safe, saura kwana huɗu jarrabawa, ta fito da babbar jakarta, ta durƙusa nesa da ni ta ce, "Inna, zan je in gaida Baba."

"Jarrabawar fa?"

"Akwai wata shekara, in Allah ya so."

Na san in ta hau motar arewa ba za ta dawo ba. Ba karatun ya gagare ta ba. Ba za ta iya zama a gidan da aka tona asirin ubanta ba, kuma ni na tona.

Na ce ta jira ni. Na shiga ɗaki na haɗiye ƙwayar maganina ta safe. Na ɗauko koko da ƙosai a faranti ɗaya, ludayi biyu, na ja kujerata na zauna a bakin zaure, inda dole ta bi. Na nuna mata fankon maganin.

"Kin san wannan?"

"Na sani, Inna."

"Me takardar ta ce?"

"A sha shi da abinci."

"To na sha. Ban ci komai ba tun jiya. Kuma ba zan kai loma bakina ba sai kin kai. Hanya ga ta nan, ki tsallake ni."

Ta ce, "Inna, don Allah kada ki yi haka. Ina azumi."

"Ni ma ina ramuwa."

"Ke? Ramuwar me?"

"Tawa ce. Ana tambaya?"

Muka zauna. Kokon ya yi fata a sama. Rana ta fara shigowa zaure. Ban san tsawon lokacin ba, amma na ji hannuwana sun fara rawa, gumi mai sanyi ya keto mini a goshi. Tsoro ya kama ni sosai, na kaina da nata. Na ɓoye hannun a cikin mayafi, amma ta riga ta gani, ita da ta san alamomin fiye da ni. Ta saki jakar, ta durƙusa, ta ɗebi koko ta miƙo mini. Na kawar da kai. Sai ta juya ludayin ta kai bakinta, hawaye na zuba a ciki, ta haɗiye, ta ce, "Na sha. Wallahi na sha. Ki sha."

Na sha. Muka cinye ƙosan nan. Da ƙarfina ya dawo na ce mata, "Abu uku. Na ɗaya, na yi miki laifi a tsakar gida, ki yafe mini. Na biyu, daga yau a faranti ɗaya za mu ci, a ɗakina, babu kwanon da za ki mayar. Na uku, mayar da jakar nan, kin makara."

Da likita ya ji abin da na yi, ya yi mini faɗan da ba a yi mini irinsa ba tun ina lekol, kuma yana da gaskiya. Mai gawayi ta ce ashe jandarma ma tana yajin cin abinci. Yarinyar ta zauna jarrabawarta kwana biyar, kullum sai na ga ta haɗiye lomar ƙarshe kafin in buɗe mata ƙofa. Ta samu takardarta. Uban bai san komai ba har yau, ko kuma ya sani ya yi shiru.

Na gyara doka ta uku: ɗalibi a farantina yake ci. Ta huɗu tana nan, sai dai yanzu kafin a kwashe nake zagawa, in sa yatsa in ji ko akwai ɗumi. Ɗalibar da ke ɗakin kusurwa a bana ta ce ita ta fi son girkinta, kuma kullum akwai toka a furnonta. Shekaranjiya na murza tokar a yatsana, na ji ta yi laushi da yawa, kamar ta takarda, ba ta gawayi ba. Ban ce komai ba tukuna. Gobe da safe zan fara da mai gawayi, in ji ko tana saye.