Autan Ƙauye Mai Shekara Saba'in da Huɗu

Fumie Ogata ta yi shekara hamsin tana gishirta kayan lambu a tuluna, tana aika wa kantunan birni daga ƙauyensu na kan dutse. Ta binne miji, ta aurar da 'yarta tilo Harumi zuwa Osaka, kuma har yau ita ke biyan manoma da hannunta. Duk ɗan damfarar da ya bugo mata waya yana kukan "Mama, ni ne", tambayarsa take yaushe ta haifi namiji.

Shi ya sa ranta ya ɓaci da wata ma'aikaciya ta zo zauren ƙauye tana bayanin dokar da majalisa ke shirin yi. Wai duk wanda ya kai saba'in da biyar sai ya ba da sunan wani amintacce da bai kai shekarun ba, wanda banki zai tuntuɓa kafin a tura kuɗi masu yawa.

"'Yar nan, ɗaga kai ki dube mu," in ji Fumie. "Wa kika gani a nan da haƙoransa na asali?"

"Ai sai ki sa 'yarki, Iya."

Abin da Fumie take gudu ke nan. Harumi ta daɗe tana neman hujjar kwashe ta zuwa gidan tsofaffi, kuma ranar da banki ya fara neman izinin Harumi, an gama da tuluna.

Kaf ƙauyen mutum ɗaya ne bai kai saba'in da biyar ba: Tsuneo mai gyaran famfo, wanda Fumie ba ta ko gaishe shi saboda rigimar iyakar gona. Kwana biyu tana huci, sannan ta haɗiye girmanta, ta ɗauko tulu mafi kyau, ta hau gangaren gidansa tana tsine wa majalisa a kowane taki.

"Yau kuma Yaya Fumie ce da tsaraba? Wa ya mutu?"

"Rufe min baki. Sunanka zan bayar."

Tsuneo ya sosa ƙeya. Bai yi dariya ba, abin da ya ƙara ba ta haushi.

"Ke ce ta tara da ta zo. Amma sai bazara za su zartar, ni kuwa watan gobe nake cika saba'in da biyar." Ya miƙa mata tulunta. "Ke kina da Harumi. Ni sunan wa zan bayar?"