Aron Famfon da Ya Ƙona Min Suna

A lokacin da abin nan ya faru, ni matashi ne mai sana'ar feshi a Birnin Kudu. Da damina ina bin gonakin mutane da famfona a baya, da rani kuma in koma ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. A ƙungiyar akwai wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya, mai zaƙin baki, wanda in ya fito fili ko mai takaba sai ta murmusa.

Wata damina ya ari famfona. Da ya dawo da shi na tambaye shi abin da ya zuba, ya rantse maganin ƙwari ne kawai. Ni kuma da wautata ban wanke ba. Na wuce Gwaram na fesa wa wani dattijo wakensa da ya fara fure. Kafin mako ganye ya nannaɗe, gona ta ƙone ƙurmus. Ashe maganin ciyawa abokin nawa ya zuba, ragowar na cikin tiyo. Na same shi, ya kafe kai da fata. Yau ya ce jabun magani na saya, gobe ya ce ban iya haɗi ba, har yana faɗi a majalisa wai da ma hannuna ba albarka. Dattijon ya yi min Allah ya isa a tsakiyar kasuwa. Daga ranar ba wanda ya sake kirana feshi, ko a Kiyako da nake da dangi. Wallahi na tsani abokin nan nawa, tsanar da ko tuwo ba na jin daɗinsa.

Bayan kaka aka gayyace mu Gwaram wasan faɗakarwa kan maganin gona. Mu ba ma rubuta wasa, jigo kawai ake tsarawa, kowa ya cika da bakinsa. Na kawo jigon mai aron famfo da ya ƙi amsa laifi, na ce ba mai iya fitowa a matsayinsa sai gwaninmu, wato abokin nan nawa. In ya ƙi, ya tona kansa, ga shi da son a tafa masa. Ya karɓa. Ni kuma na je har gida na roƙi dattijon ya zo kallo.

Da muka shiga fili na ajiye jigo gefe. Na riƙa jefa masa gaskiya, har kalar galan ɗin da na gani a zaurensa. Jama'a na ta yi masa ihu. Can da ya rasa mafita sai ya ce ai matarsa ya ba ta wanke, in akwai ragowa laifinta ne. A jigonmu kuwa babu mata. Ya manta matarsa 'yar Gwaram ce, tana nan cikin 'yan kallo. Ta miƙe ta ce ya ji tsoron Allah, ita ce ma ta tuna masa ya wanke, ya ce ai ba gonarsa za a fesa ba. Mutane suka kama tafi, sun ɗauka cikin wasan ne, sai da suka ga dattijon ya tashi yana cewa ai gonarsa ce aka ƙona.

Dattijon ya janye Allah ya isarsa, damina ta gaba shi ya fara kirana. Gogan naku har gobe cewa yake ni na zuga masa mata. Ana ta ce min in yafe, ni kuwa ban yafe ba, don ba a yafe wa wanda bai ce ya yi ba. Nadamata ɗaya ce, baiwar Allah da ta sha kunya a garin iyayenta saboda tarkon da na ɗana.

'Yan'uwa, kayan sana'arku in ya dawo daga aro, ku wanke ko da mai aron ya dafa Alƙur'ani. Kuma ku kiyayi mutumin da bai taɓa cewa shi ne ba. In ya rasa wanda zai ɗora wa, matar da ke dafa masa tuwo ma ba zai bar ta ba.