Bindiga a buhun shinkafata

Jama'a, ku ji abin da Baban Hauwa ya yi min yau. Na zura hannu a buhun shinkafa zan auna ta rana, sai na taɓo ƙarfe. Ƙaramar bindiga ce, tsohuwa, irin ta sojan da!

Na kira shi a shagon waldarsa. Wai ta kakan kafilinsa ce, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar nan, ɗan ƙarfen saitin bakinta ya karye, aka ba shi ya sa sabo.

"Ai ba harsashi, Maman Hauwa."

Na ce, "Shurɗa, 'yan sandan ƙasar nan, za su tsaya tambayar harsashi ne? Tarhil za a yi mana, a tasa ƙeyarmu gida."

Ya zo ya ɗauka yana gunaguni. Kun san a me ya naɗe ta ya fita? Zanin goyona.