Goggo Effie da Tawul ɗin Bosun

Kafin jiragen kamun kifi su fita, Goggo Effie Tizzard ta riga ta durƙusa a ƙofar gida da mataji a hannu. Shekara arba'in ke nan tana karɓar tsofaffin karnukan Newfoundland, baƙaƙen nan masu girman maraƙi, waɗanda masu su suka gaji da su. Ta taje gashi har fata, ta goge dalala, ta ba su abinci kaɗan-kaɗan, ta hana su guje-guje sai abincin ya kwanta, don cikin irinsu murɗewa yake yi.

Ku masu sayen kwikwiyo don ya yi kyau a hoto, ku saurara. Karen nan da wuya ya wuce shekara goma, kuma ƙugu ne ke fara gazawa. In ya kai nan, sai Goggo ta zura tawul ƙarƙashin cikinsa, ta ɗauke masa rabin nauyi, su gangara teku tare. A ruwa kaɗai yake mance tsufa.

Ke ce ƙafafun bayan karnuka goma sha tara, Effie. Duk garin nan shaida ne.

Bana kafaɗarta ta ƙi. 'Yarta na jiran ta a birni, a bene hawa uku, Bosun kuwa, karenta na ƙarshe, ba ya iya hawa mataki. Sati biyu yana kwance yana kallon ruwa, ita tana kallon sa. Ta ce ba inda za ta sai an sami mai kai shi teku.

Rannan Hedley Rideout, mai gyaran raga, ya leƙo.

"Goggo, har yanzu jinyar angon naki ake yi?"

"Ya fi ka wanka. Kama nan."

"Ni fa bayana..."

"Bayan naka shekara hamsin bai ɗauki komai ba. Sassauta, ba buhun dankali ba ne."

Ya kama, suka gangara. Da ruwa ya kai wa Bosun ƙirji, tawul ya saki, kare ya miƙa yana iyo abinsa. Hedley, a jiƙe har wuya, ya tambaya gobe ƙarfe nawa.

Ranar Asabar Goggo ta tafi birni. Ta ce a kai Bosun ruwa a daidai lokacin, kada ya ga motar. Yanzu kullum da safe tana bugo waya, ko gaisuwa babu: "Ya shiga?"

Ya shiga, Effie. Mun gode miki. Ku kuma sauran, ku fito ku karɓi Hedley, bayan nasa da gaske yake ciwo.