Ƙwaƙwalwar Agogon Masallaci

Duk tsufan da zan yi, ranar da aka kusa kai ni gaban alƙali a kan agogon masallaci ba za ta fita daga raina ba. Lokacin shari'a ba ta daɗe da kankama a Zamfara ba, kowace majalisa ka zauna hirar ke nan, wa aka yi wa bulala, wa ake cewa za a yanke wa hannu. Ni kuwa ina da ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin a Kaura Namoda, ba ruwana da kowa.

Wani Alhaji mai motocin haya, da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, ya taɓa kawo wa masallacin ƙauyensu agogon bango daga Makka, irin mai nuna lokutan salla, ya yi kiran salla, har ya karanta wasu surori. Wata rana janareta ya turo wuta da ƙarfi, agogo ya mutu, aka kawo mini shi shago. Da na buɗe sai na ga babban fanel, wato allon da kayan wutar ke jikinsa, lafiya lau, ƙaramin da ake sokawa a jikinsa ne ya ƙone, wanda muke kira ƙwaƙwalwa. Bai fi kwalin ashana biyu ba, amma duk aikin a cikinsa yake. Alhaji ya yi saƙo ta hannun wani mai zuwa Umara, aka kawo sabuwa guda ɗaya tak, da wata 'yar takarda mai ruwan zinariya da rubutun Larabci manne a bayanta.

A shago na gwada ta. Akwai ɗan tsagi a gefenta da ake daidaitawa da na raminta a jikin babban fanel, a soka ta a karkace, a danna har maƙallan gefe su ce ƙas. Sai ƙananan makunnai da ake turawa da bakin allura, su ke gaya wa agogo garin da yake. Babu ƙauyen Alhaji a cikin garuruwan, sai na ɗauki birni mafi kusa na gyara mintocin da hannu. Agogo ya rangaɗa kiran salla, har maƙwabcina tela ya leƙo. Na cire ƙwaƙwalwar na mayar cikin ledarta saboda gargadar hanya, na ɗaure agogo a bayan mashin, sai ƙauyen, can gaba da Banga.

Na isa da la'asar. Batirin motar da za a haɗa wa agogon sai washegari zai iso, don haka kwana ya kama ni. Alhaji ya riƙa ɗaga ƙwaƙwalwar yana nuna wa jama'a, ni kuma baki ya yi mini daɗi, na ce ai kiran sallar da karatun duk suna cikin ɗan abin nan. Ladanin masallacin tsoho ne, ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya gaba ɗaya, shi ya sa ma aka matsu da agogon. Da hannu ya nuna cewa abin da ke ɗauke da karatu bai kamata ya kwana cikin jakar filaya da dalma ba. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka ba shi ya shiga da ita gida.

Da hantsi batir ya iso, ladan ya miƙo mini leda, na soka ƙwaƙwalwa, na kunna. Jama'a! Lambobi suka hau rawa, Azahar ta koma wurin Asuba, lasifika ta riƙa wani gurnani kamar kwaɗo a rijiya. Na kashe, na cire, na sake sokawa. Haka. Na duba makunnan, suna nan yadda na bar su. Na auna batir, lafiya. Na bi babban fanel da mita lungu-lungu, ban ga komai ba. Zufa ta jiƙa mini riga. Abin da ya yi aiki jiya a gaban idona, me ya same shi cikin leda? Har na fara tunanin ko ni ne na zauce.

Sai Alhaji ya ce, "Mai gyara, miƙo abin ga in gani." Ya juya ta, ya sake juyawa. "Ina takardar zinariyar? Wagga ba ita na ba ka ba."

Na karɓa na duba. Wallahi babu takarda, wurin fes. Kaina ya ƙara ɗaurewa. Wani ya ce a buɗe jakata, aka buɗe, sai ga tsohuwar ƙwaƙwalwar da na cire, ita ma ba takarda. Nan fa aka yi caa. Wannan ya ce na sayar da sabuwar a Kaura na kawo ta bogi, wancan ya ce kayan masallaci ne fa, ba na mutum ba. 'Yan agaji biyu suka matso suka tsaya a bayana. Alhaji, idonsa jawur, ya ce, "Ba ni dukanka, ba ni zaginka. Mu tai wurin alƙali, shari'a ta raba mu."

Ni ban san hukuncin irin wannan ba, kuma a lokacin ban tsaya tambaya ba. Hannuna na dama kawai nake kallo, wanda da shi nake ci da iyalina. Na yi rantsuwa har muryata ta shaƙe, ba wanda ya saurare ni. Ladan yana ta ɗaga hannu yana son magana, iska kawai ke fita, shi ma da alama bai san komai ba. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba.

Ana shirin tura ni cikin mota sai muka ji sallama daga bakin zauren ladan. Matarsa ce, tsohuwa tukuf, wadda aka ce ta yi shekaru ba a ga ƙafarta a dandalin ba. Ta ratso maza, ta buɗe tafin hannunta a gaban Alhaji. Ga takardar zinariya, ta jiƙe ta nannaɗe.

"Ku saki ɗan mutane," in ji ta. "Ni na wanke abin. Na ji an ce akwai karatu ciki, Malam ko ga shi ba murya. Na tsoma shi cikin ƙoƙo kamar yadda aka wanke rubutu, na ba shi ya sha da kunu, bai ko sani ba. Na shahe abin da gyale na maida. In alƙalin ne, ni za a kai."

Ladan ya dafe maƙogwaro yana kallonta. Ni kuwa na rasa abin yi, in yi kuka, in yi dariya, ko in yi fushi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, da sabulu?" Ta harare ni ta ce, "Ɗana, ana sa wa karatu sabulu?"

Alhaji ya kama hannuna ya riƙe, ya ce in yafe masa don Allah, sau nawa ban ƙirga ba. Na samu buroshi na share ƙafafun ƙwaƙwalwar, na shanya ta a faranti cikin rana har la'asar, ina zaune a gefenta kamar mai gadin shanya. Da na mayar na kunna, lambobi suka tsaya cak, kiran salla ya fito tangaran. Muryar ladan ma ta dawo bayan 'yan kwanaki. Kada ku tambaye ni dalili, ni rediyo na iya gyarawa.

Abin da na riƙe daga ranar shi ne, ba iya aikina ya cece ni ba, ba kuma rantsuwata ba. Da tsohuwar nan ta yi shiru a ɗakinta, da ba mai sanin abin da ta yi har abada, ni kuwa da an tafi da ni. Ta zaɓi ta ji kunya a gaban mazan garinsu da a zalunci baƙon da ba ta ko san sunansa ba. Tun daga ranar, in abu ya ɓace mini ko ya ɗaure mini kai, nakan ce ban gane ba, in tsaya a nan. Ban ƙara kiran kowa ɓarawo ba sai na gani da idona.